Mota Ba Ta Shan Ruwa: Yadda Ake Gano Inda Ruwan Lagireto Ke Bi

 A wannan makon za mu ajiye allo da alli, mu leƙa ƙarƙashin bonet ɗin mota, domin akwai darasin kimiyya a wurin wanda muke wuce shi kullum ba mu kula ba.

Duk mai bin hanyar Dutse zuwa Kano ta Kwanar Huguma, ko ta Shuwarin zuwa Kiyawa, a watannin Maris, Afrilu da Mayu, ya saba ganin Golf ko Sharon a gefen titi, bonet a ɗage, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a gindin darbejiya, yaron mota ya nufi ƙauye mafi kusa da jarka a hannu. Idan aka tambayi abin da ya faru, amsar da aka fi ji ita ce: motar tana shan ruwa.

To, a nan gizo ke saƙa. Mota tana shan fetur ko gas, amma ba ta shan ruwa. Ruwan da ke sanyaya inji a rufe yake, yana zagayawa ne yana komawa inda ya fito, kamar yadda jini ke zagaya jiki. Motar da ke da lafiya za ta yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Saboda haka idan ana ƙara wa mota ruwa kowace safiya, akwai ƙofar da ruwan ke fita. Ƙofofin nan uku ne kacal, kuma wanda ya iya kallo a natse zai iya gano wacce ce a buɗe.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A gidaje da yawa motar haya ce ke kawo kuɗin cefane da kuɗin makaranta. Tiyon da ya tsage kuɗinsa kaɗan ne, amma injin da ya buga yana iya zaunar da maigida watanni.

Me ya sa inji ke buƙatar ruwa?

A cikin silinda fetur ke ƙonewa, kuma zafin wutar yana haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Kan injin yawancin motocin yau da alminiyam aka yi shi, ƙarfen da ke narkewa a digiri 660. Cikin ƙarfin da ke cikin fetur, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke juya tayoyi. Kusan kashi ɗaya bisa uku yana fita ta salansa, sauran kuma dole a kwashe shi daga jikin injin, in ba haka ba ƙarfe ya lanƙwashe.

Ruwa aka ɗora wa wannan aiki saboda wani dalili da muka karanta a darasin fizis: kafin zafin kilogiram 1 na ruwa ya ƙaru da digiri 1, sai ya haɗiye kimanin jul 4,200. Ruwa jakin dakon zafi ne, yana ɗaukar kaya mai yawa kafin ya gaji.

Ga yadda zagayen yake. Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa a yawancin motoci, yana tura ruwa cikin ramukan da aka bari a jikin inji da kansa. Ruwan ya kwashi zafi, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya bi siraran bututu masu fukafukan ƙarfe. Iskar tafiya da ta fanka su kwashe zafin, ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa. A bakin hanyar akwai mai gadi da ake kira tamostat, wanda ke rufe hanya idan inji na da sanyi, ya buɗe idan zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90. Ƙaramar mota takan ɗauki lita 5 zuwa 8 na ruwa a wannan zagaye.

Dabarar ta daɗe. Injiniyan Jamus Wilhelm Maybach ne ya sa lagireto mai kama da saƙar zuma a motar Mercedes ta 1901. Ba kuma kowane inji ke da ruwa ba: babur ɗin Boxer da muke hawa iska ce ke sanyaya shi, haka ma tsohuwar Bosuwaja mai siffar kunkuru da aka fara harhaɗawa a Legas a 1975.

Ƙaramin murfi, babban aiki

Mun san ruwa yana tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, a tudu irin na Dutse kuma ƙasa da haka kaɗan. Inji kuwa yana aiki ne a wajen digiri 90, wani lokaci ya haura 100. To yaya ruwan ba ya tafasa?

Sirrin yana jikin murfi. Idan kuka duba murfin lagireto za ku ga an rubuta lamba kamar 0.9 ko 1.1. Wannan shi ne yawan matsin da murfin ke riƙewa. Ruwan da ke cikin matsi ba ya tafasa da wuri: matsin da ya kai 1 a wannan ma'auni yana ɗaga matakin tafasa zuwa wajen digiri 120. Idan ruwa ya yi zafi ya kumbura, murfin ya saki kaɗan zuwa cikin robar ajiya da ke gefe. Idan inji ya huce, ya tsotso shi ya dawo. A motoci irin su Golf da Sharon, lagireton ba shi da murfi, a kan robar ajiyar murfin matsin yake.

Wannan ya nuna mana cewa ƙaramin yoyo ɓarna biyu yake yi. Yana rage ruwa, yana kuma sakin matsi. Da matsi ya tafi, ragowar ruwan sai ya tafasa da wuri.

Me ya sa matsalar ta fi bayyana da bazara? Lagireto yana zubar da zafi ne gwargwadon ratar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. Da safiyar hunturu, ruwa na kan digiri 90, iska na kan 20, rata 70 ke nan. Da azahar ɗin Afrilu a Dutse, iska na iya kai wa 42, ratar ta koma 48. Ƙarfin lagireto ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, ga ƙurar hunturu ta toshe fukafukansa, ga lodin buhuna na ranar kasuwa. Yoyon da ya ɓuya tun watan Disamba, a Afrilu asirinsa ke tonuwa.

Lissafin ɗigo

Kada a raina ɗigo. Ɗigo 20 ke yin kusan mililita 1. A ce tiyo na ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa: a awa guda ɗigo 3,600 ke nan, wato mililita 180. A ce kuma direba na yin awa 4 a hanya kullum, zuwa Kano da dawowa. Ya yi asarar mililita 720 a rana, fiye da ledar fiya wata guda. A kwana 6 ya haura lita 4, a motar da duka ruwanta lita 6 ne. Kuma yawancin wannan ɗigon ba zai kai ƙasa ba, a kan ƙarfe mai zafi zai faɗa ya ƙone. Shi ya sa direba zai rantse bai taɓa ganin ruwa a ƙarƙashin motarsa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Kafin a taɓa komai

Akwai dokoki da ba a karya su, ko ga ƙwararren bakanike.

Na farko, ba a buɗe murfin lagireto ko na robar ajiya idan inji na da zafi. Ruwan da ke ciki yana iya haura digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa. Da an saki murfi, nan take wani sashensa zai koma tururi, shi kuwa tururi yana cin wuri fiye da ruwa sau 1,600. Wannan ne ke feso tafasasshen ruwa a fuska da ƙirji. Tsumma a hannu ba ya kare fuska. A jira aƙalla minti 30, har sai an iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ya yi laushi.

Na biyu, fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko inji a kashe yake. A nisanta yatsu da ita, a tattare hannun riga, hijabi da mayafi daga wajen bel.

Na uku, ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan, wanda kanikawa ke kira kulan, guba ne. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana da zaƙi, kuma yana lalata ƙoda. Ba a ɗanɗana shi, ba a ajiye shi a robar lemo, ba a barin shi a ƙasa inda ƙanne, akuya ko kyanwa za su samu.

Idan tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta mara zafi har minti 20. Kada a shafa man goge baki, ƙwai, gishiri ko manja. A rufe da ƙyalle mai tsabta a wuce asibiti.

Na ƙarshe, ɗalibi ba ya buɗe bonet sai da izinin mai mota, kuma yana tsaye a wurin.

Mataki na farko: a tabbatar ruwan na raguwa

Mai bincike ba ya fara da zato, da awo yake farawa. A jikin robar ajiya akwai layi biyu, MIN a ƙasa da MAX a sama. Da sassafe, inji da sanyi, mota a fili mai daidai, a sa alama da maka a inda ruwa ya tsaya. Gobe a lokaci guda a sake dubawa. Dole a riƙa awon da sanyi, domin ruwa mai zafi yana kumbura ya hau sama, wanda ya gwada na rana da na safe zai ruɗi kansa. A motar da lagiretonta ke da murfi, a buɗe shi ma da sanyi a leƙa, saboda wani lokaci robar na cike amma lagireton ya yi ƙasa. Idan alama ta nuna ruwa na sauka, sai a bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Ƙofa ta farko: yoyon waje

A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin inji da daddare. A kan ƙasa ko yashi ɗigo ɓacewa yake yi, amma kwali ba ya ɓoye komai. Da safe a karanta shi kamar wasiƙa. Baƙi mai maiƙo baƙin mai ne. Ja mai maiƙo yakan zama man giya ko na sitiyari. Kore, ruwan hoda ko ja mara kauri, mai ɗan santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kulan ne. Ruwan ƙasa mai tsatsa yana nuna motar da aka daɗe ana ba ta ruwa zalla. Ruwa garau mara wari da ke ɗiga ta gefen fasinja bayan an kunna na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba yoyo ba ne, zufar na'urar ce, kamar wadda ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi.

Daga nan a ɗaga kai a bi sawun ruwan zuwa sama, domin ruwa gangarowa yake yi. Wuri mafi tsawo da aka samu a jiƙe, nan ne tushen. Idan babu jiƙa, a nemi tabo: ruwan da ya ƙone yana barin farin ɓawo ko kore, irin shatin gishiri da zufa ke bari a hula. Fitilar waya ta isa wannan aiki.

Ga wuraren da aka fi kama ɓarawon. Bakin tiyo, inda kilif ya matse shi. Jikin tiyon kansa: a matsa shi da sanyi, idan ya kumbura, ya yi laushi kamar burodi, ko ya bushe yana tsattsagewa, ya gama aiki. Haɗin da ke tsakanin robar lagireto da ƙarfensa, wurin da zafi da shekaru ke sassautawa. Fuskar lagireto, inda tsakuwar titi ke huda bututu. Robar ajiya, wadda kan tsage kamar silin gashi. Gidan tamostat da mahaɗan roba da ke jikin inji. Sai famfon ruwa: an yi masa ɗan rami a ƙasa da gangan, idan hatiminsa na ciki ya lalace ta nan ruwa ke fitowa, kuma sau da yawa ana jin sa yana ƙugi. A jikin inji ma akwai wasu murafe masu kama da kwabo, tsatsa na cinye su daga ciki.

Akwai wuri ɗaya da ake yawan mantawa. Yawancin motocin da ake shigowa da su daga Turai suna da ɗan ƙaramin lagireto a cikin dashbod, wanda ke ɗumama ɗaki a lokacin sanyi. Idan ya huje, shimfiɗar ƙafar fasinja za ta jiƙe, gilashin gaba ya riƙa yin hazo mai maiƙo, ana jin ƙamshin kulan a cikin mota.

Wani yoyon sai inji ya yi zafi yake buɗewa, wani kuma sai ya huce. Saboda haka a duba sau biyu: da safe, da kuma bayan an dawo daga tafiya, da ido kawai ba da hannu ba.

Ƙofa ta biyu: murfi da tururi

Idan an duba ko'ina a bushe, sai a koma kan murfi. Robar da ke bakinsa takan bushe ta tsage, sifirin ɗinsa ya saki. Murfin da ba ya riƙe matsi yana barin ruwa ya tafasa da wuri, ya cika robar ajiya ya malala a kan hanya. Alamarsa farin tabo a kewayen murfi da robar, da kuma jin ruwa na ɓalɓala bayan an kashe inji. Murfi na cikin kayan gyara mafi araha, amma a sayi mai lamba ɗaya da na asali. Mai lamba ƙasa ba zai riƙe ba, mai lamba sama da kima kuma zai iya fasa tsohon tiyo.

A nan akwai tambayar da ke raba bakanike nagari da mai canki-canka: raguwar ruwa ce ta jawo zafi, ko zafi ne ya kori ruwa? Idan fanka ta mutu, ko tamostat ya maƙale a rufe, ko lagireto ya toshe, inji zai ɗauki zafi ya tura ruwa waje ta murfi ko da babu huji ko ɗaya. Lokacin da allurar zafi ke hawa shi ke ba da amsa. Idan tana hawa a cunkoso ko a tsaye a tasha, ta sauka da an hau babban titi, a tuhumi fanka. Idan a gari lafiya lau, sai an miƙi hanya da gudu da lodi take hawa, a tuhumi toshewar lagireto ko raunin famfo.

A kuma kiyaye wani tarko. Na'urar da ke auna zafi a cikin ruwa take zaune. Idan ruwa ya ƙare ƙarƙaf ta zauna a iska, allura na iya sauka alhali inji na ƙonewa. Allurar da ta hau sannan ta faɗo da kanta ba albishir ba ce.

Ƙofa ta uku: cikin inji

Wannan ce ƙofar da kowa ke tsoro. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani siririn faranti da ake kira gasket. Shi ne katangar da ta raba maƙwabta uku: wuta, baƙin mai da ruwa. Idan ya ƙone, ko kan injin ya lanƙwashe ko ya tsage, maƙwabtan sai su shiga gidan juna.

Idan ruwa ya shiga silinda, zai fita ta salansa a matsayin farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa. A bambanta shi da ɗan tururin safiyar hunturu da ke ɓacewa bayan 'yan mintoci, wanda ba komai ba ne. Inji yakan yi karkarwa da an tayar da shi da safe, kuma idan aka kwance fulogi za a ga ɗaya ya yi fes fiye da 'yan'uwansa, tururi ya wanke shi.

Idan ruwa ya shiga baƙin mai, sandar awon mai za ta fito da abu mai kama da shayi da madara, kuma man zai haura layinsa. Irin wannan mai ba ya kare ƙarfe, shi ne hanyar bugawar inji. Motar da ta nuna haka ba a sake tayar da ita sai gareji.

Idan kuma hayaƙin silinda ne ya shiga hanyar ruwa, tiyon sama zai yi tauri kamar taya 'yan mintoci bayan an tayar da inji mai sanyi, kumfa ta riƙa tasowa ba ƙaƙƙautawa, ruwa na ambaliya daga robar ajiya.

Ba lallai alamomin su taru ba. Mai zai iya zama garau alhali gasket ya ƙone ta ɓangaren wuta. Abu mafi muhimmanci shi ne, sau da yawa gasket ba shi ne farkon labarin ba. Ƙaramin yoyon da aka ƙyale ne ya sa inji ya yi zafi, zafin ya lanƙwasa kan inji, gasket ya tafi. Wanda ya canza gasket bai nemo yoyon farko ba, bai kuma sa an auna fuskar kan injin ba, zai sake biyan kuɗin aiki.

Gwaji biyu da ke raba gardama

A gareji akwai kayan aiki biyu da ke kawar da zato. Na farko famfon hannu ne mai agogo, ɗan'uwan famfon keke. Ana ɗaura shi a gurbin murfi, inji da sanyi, a buga iska zuwa lambar da ke jikin murfin, a jira minti 10 zuwa 15. Idan allura ta tsaya, hanya a rufe take. Idan ta sauka, akwai yoyo, kuma yanzu za a ga ɗigon da ido tunda babu zafin da zai ƙone shi. Idan ta sauka amma waje a bushe, zargi ya koma cikin inji ko cikin dashbod. Da famfon nan ake gwada murfin ma.

Na biyu darasin kemistiri ne tsantsa. Ana ɗora kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke saman ruwa ta bi ta cikinsa. Idan hayaƙin silinda na shiga, iskar kabon dayoksaid da ke cikinsa za ta mai da shuɗin ya koma rawaya, kamar yadda takardar litmos ke sauya launi a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Ya dace mai mota ya nemi a yi waɗannan gwaje-gwaje kafin ya yarda a kwance kan inji.

Al'adun da ke haifar da yoyo

Na farko, ruwan rijiya da na burtsatse. Ku leƙa cikin butar da aka daɗe ana dafa shayi a cikinta, za ku ga farin ɓawo. Irin sa ne ke taruwa a bututun lagireto, ga tsatsa da ruwa zalla ke jawowa a famfo da murafen inji. Wasu na cewa kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ba ruwanmu. Gaskiya yana hana daskarewa, amma yana kuma hana tsatsa, yana ɗaga matakin tafasa: haɗin rabi da rabi sai ya kai wajen digiri 107 yake tafasa, tun kafin a lissafa taimakon murfi. Ga launinsa da ke tona asirin yoyo. A yi amfani da irin wanda kamfanin motar ya ce, kada a cakuɗa iri daban-daban. A kan hanya, idan babu yadda za a yi, ruwa mai tsabta ya fi babu, amma a canza shi idan an isa.

Na biyu, cire tamostat. Idan ya lalace, canza shi ake yi. Injin da babu tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara saurin cinyewa, kuma ainihin abin da ya jawo zafin yana nan.

Na uku, zuba ɗanyen ƙwai, sabulu ko gari a lagireto. Suna iya toshe huji na ɗan lokaci, amma ba su san bambancin huji da bututu ba, duka suke toshewa.

Na huɗu, sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi. Wanda ya taɓa ganin kofin gilashi ya fashe don an zuba masa ruwan zafi ya san abin da canjin zafi na farat ɗaya ke yi. Idan allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a gangara gefen titi, a kashe inji, a jira. Rabin awa a gindin bishiya ya fi wata guda a gareji.

Aikin wannan mako

Ku nemi izinin Baba, Kawu ko Yaya mai mota. Ku ware shafi a littafi, ku ja layi huɗu: rana, inda ruwa ya tsaya da safe, nisan tafiyar jiya, da abin da kwali ya nuna. Ku cike shi kwana 7. Idan ruwa bai motsa ba, alhamdu lillahi. Idan ya sauka, wanda zai je gareji ba zai ce motar na shan ruwa ba. Zai ce: Oga, tana rage kofi biyu a kwana uku, ga koren tabo a bakin tiyon ƙasa, allura ba ta hawa, mai garau yake. Bakanike ya samu rabin aikinsa a gama, mai mota kuma ba za a canza masa abin da lafiyarsa ƙalau ba.

Wanda ya ji aikin ya shiga ransa, mace ko namiji, hanya a buɗe take. Gyaran mota na cikin darussan da hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ke shirya jarrabawa a kansu, kuma motocin yau sun fi buƙatar mai awo da rubutu fiye da mai ƙarfin damtse. Ku turo mana abin da littafinku ya nuna. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.